Baƙin Ciki Da Faɗuwar Gaba Ga Mai Shan Kodin

Jama'a, a 2018 Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin, amma har yanzu a cikin birnin Kano akwai masu shansa, da masu haɗiyar tiramol.

Sau da yawa baƙin ciki ko faɗuwar gaba ke kai mutum ga sha. Hankalinsa ya kwanta kaɗan, in abin ya sake shi, damuwa ta dawo fiye da dā. Watau cuta biyu ke nan, kowace tana ƙara wa ɗaya ƙarfi.

Duka da ɗaurin mari ba magani ba ne. Ku kai shi Asibitin Dawanau, likita ya duba duka biyun. In ya ambaci kashe kansa, kada ku bari a kwana.

Allah ya ba mu lafiya.