Lambobin Yabon Mazan Jiya: Takarda Ce Ke Ba Ƙarfe Daraja

Daga unguwar Hausawa ta New Bell zuwa kasuwar Grand Hangar da ke Bonaberi, akan ga tsofaffin lambobin yabo na sojan Faransa a faifan 'yan koli, haɗe da tsofaffin kuɗi da agoguna. Masu tara kayan tarihi a Turai suna neman su, shi ya sa jabu suka shigo harkar. Ɗan kasuwar da bai san kan abin ba zai iya yin asara ta fuska biyu: ya sayi jabu da tsada, ko ya sallama na ainihi da araha.

Idan za a iya tunawa, ranar 27 ga Agusta 1940 Kanal Leclerc ya karɓe Duwala da sunan Faransa Mai 'Yanci, kuma Janar De Gaulle ya sauka a garin ranar 8 ga Oktoba. Daga nan aka yi ta ɗibar 'yan Kamaru da Cadi aikin soja, su ne suka ƙwace Kufra ta Libiya a watan Maris 1941. Abin da da yawansu suka komo da shi gida bai wuce waɗannan lambobi ba.

Wadda aka fi gani ita ce Croix de guerre, mai siffar gicciye da takubba biyu. Ta yaƙin 1914 zuwa 1918 ƙyallenta kore ne da jan ratsi, ta 1939 kuwa ja ne da koren ratsi. Idan shekarar da ke bayan lambar ba ta dace da launin ƙyallen ba, to haɗe-haɗe aka yi. Akwai kuma Médaille coloniale ta azurfa, wadda akan maƙala wa ɗan ƙarfe mai sunan fagen fama kamar Koufra ko Fezzan. Wannan ɗan ƙarfen ne ke ɗaga farashi, don haka shi 'yan jabu suka fi kwaikwayo.

Ta ainihi bugawa ake yi da inji, rubutunta fes. Ta jabu zubi ce, za a ga ƙananan ramuka a jikinta da layin haɗi a gefe. A duba hatimi da gilashin mai gyaran agogo: masana'antar Monnaie de Paris tana sa ɗan ƙaho tun 1880. Amma rashin hatimi kaɗai ba hujja ba ne, domin an ƙera wasu a Landan lokacin yaƙi. Haka ma bajojin sojan sama, irin na rundunar Bretagne da aka kafa a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a 1942. 

Babbar matsalar ita ce Faransawa ba su cika rubuta sunan soja a jikin lambar ba, kuma har yau ana buga sababbi ana sayarwa a birnin Paris. Ke nan abin da ke haɗa lamba da mai ita shi ne takarda: littafin soja, da takardar shaidar yabo, da hoto. Lambar da aka raba da takardunta ta zama ƙarfen awo.

A nan ne ya kamata iyalan mazan jiya su yi hattara. Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka tun 1959, sai a 2007 ta fara daidaitawa, ta kammala a 2011. Da irin waɗannan takardu ne ake bin haƙƙi, kuma da su jika zai nuna inda kakansa ya yi fama.

Saboda haka, 'yan'uwa 'yan kasuwa, in an kawo muku lamba ku fara tambayar takardunta, kuma kada ku raba su don ganin riba biyu. In kuwa gwauruwa ce ko maraya ya kawo saboda matsin rayuwa, a gaya masa darajar abin da ke hannunsa kafin a yi tayi. Ciniki da amana ya fi albarka.