Jan Hankali Game da Tsohuwar Kwamfuta

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a ƙasar Kura da Bunkure, musamman tsakanin malaman makaranta da masu injin casar shinkafa da magatakardan ƙungiyoyin manoman rani, wadda yin shiru a kanta ya zama sakaci: da zarar kwamfuta ta fara nauyi sai a ce ƙwayar cuta ta shige ta, a kai ta Kano a yi mata fomatin, wato a shafe abin da ke cikinta a sake zubi, in ta koma gidan jiya bayan wata biyu a maimaita, har ranar da mai ita zai yanke ƙauna ya sayar wa 'yan gwangwan.

Babu mai musun samuwar ƙwayar cuta, amma galibin nauyin da ake kuka da shi illarsa tana cikin faifan ajiya ne. Tsohon faifai, irin wanda ke cikin akasarin kwamfutocin hannu da ake kawo mana daga Turai da Amurka, ƙarfe ne mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata allura da ke kai da kawowa tana neman bayani, kuma abin da yake iya miƙawa a daƙiƙa bai cika wuce megabait 100 ba, alhali sabon ma'aji da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, yana miƙa wajen 500. To, ta wace hujja shafe rubutu zai ƙara wa ƙarfe saurin juyi? Sauƙin da ake ji bayan fomatin na ɗan lokaci ne, domin an rage mata kaya. Manhajoji na dawowa, nauyin zai dawo, ga asarar kuɗin mota da na mai gyara, ga lissafin buhunan kaka da ya salwanta. Manomin Kadawa ya san cewa ko da madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ta cika ta batse, matuƙar ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonarsa ta toshe da laka da ciyawa, shukarsa ƙishirwa za ta ji, kuma maganinsa yashe magudana ne. Haka al'amarin ƙwaƙwalwar kwamfuta yake da faifanta.

Saboda haka wanda ke da ɗan hali ya fara da SSD mai gigabait 256, ya sa tsohon faifan a ɗan akwatinsa ya zama ma'ajin waje. Bayan wannan ya duba RAM, wato ma'ajin wucin gadi na kwamfutar: in gigabait 4 ce ya kai ta 8, da sharaɗin ya tabbatar ko DDR3 ce ko DDR4, domin ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya, kuma ta kwamfutar tebur ba ta shiga ta hannu. Ya je Farm Centre ko titin Beirut da kwamfutar a hannunsa, a gwada kayan a gabansa, ya ga adadin ya bayyana a allo kafin ya biya, kuma ya kwafe takardunsa tun daga gida. Sannan wajibi ne a buɗe ta a kakkaɓe fanka, a sake man da ke kan ƙwaƙwalwar, domin ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa suna toshe kafar iska, kuma na'urar da ta yi zafi da kanta take rage gudu, balle a bazara. Wutar janareto marar daidaito ita ma tana kashe caja da batir.

Sai dai kowane gyara yana da haddi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta yarda da yawancin na'urorin da suka girmi 2018 ba; mai irin wannan ya nemi wanda zai zuba masa Linux, kyauta ce. Wadda babban allonta na ciki ya ƙone kuwa, kashe mata kuɗi wauta ne.

Shari'a ta hana almubazzaranci, kuma jefar da abin da ƙaramin gyara zai raya yana cikinsa. 'Yan'uwa, kafin ku yarda a sake yi mata fomatin, ku tambayi mai gyara irin faifan da ke cikinta.