Daga Indiya zuwa Japan: Yadda Kano ke karɓar kiɗan nesa, take hukunta shigarsa

A Kura da Bunkure da Garun Malam, da maƙwabciyarsu Dawakin Kudu, rani lokacin aiki ne. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin magudanan noman rani na Kadawa, matasa kuma suna wuni a gonakin tumatir da shinkafa da alkama. Da yamma ta yi sai a hallara a rumfunan cajin waya, inda masu tura fina-finai ke zuba wa mutum abin da ransa yake so a kan kuɗi kaɗan: fassarar Indiya, fim ɗin Koriya, waƙoƙin Kannywood, ko wa'azi.

Wayar da ke ɗaukar waɗannan ita ce kuma za ta iya kai matashi ga wani kiɗa na ƙasar Japan da ake kira visual kei, wanda galibin makaɗansa maza ne masu rina gashi da shafa hoda, wasunsu har da sanya rigunan mata. Sauraron kiɗan a keɓe ba ya jawo wa kowa fitina a Kano. Kwaikwayon shigar masu shi kuwa na iya kai mutum ga rezar jami'an Hisbah ko gaban alƙali. Wannan tazara tsakanin abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani tana da tarihi mai tsawo a jihar, tun daga zuwan fina-finan Indiya, kuma batu ne na doka da siyasa.

Mene ne visual kei?

Sunan haɗin gambiza ne: kalmar farko ta Ingilishi ce mai nufin abin da ido ke gani, ta biyu kuma ta Japananci ce mai nufin salo ko nau'i. Amon kiɗan ya bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, daga rok mai tsananin ƙara na jita da ganga zuwa waƙoƙi masu taushi da fiyano. Abin da ya haɗa su shi ne kamar da suke hawa dandamali da ita.

Salon ya tashi a shekarun 1980. Ƙungiyar da aka fi danganta shi da ita ita ce X Japan, wadda Yoshiki da Toshi suka kafa a Chiba a 1982. A 1986 Yoshiki ya buɗe kamfanin faifai nasa, Extasy Records, wanda ya fito da ƙungiyoyi irin su Luna Sea. Mujallar Shoxx, da ta fara fita a 1990, ta taimaka wajen yaɗa sunan. A shekarun 1990 salon ya kai ƙololuwa, har ƙungiyar Malice Mizer ta yi suna da mai kaɗa jitarta Mana, wanda ke fitowa cikin rigunan mata irin na Turai ta dā. Lokacin da hide, mai jitar X Japan, ya rasu a watan Mayun 1998, kimanin mutum 50,000 ne suka yi cincirindo wajen jana'izarsa a Tokyo.

Namiji cikin shigar mace a dandamali ba baƙon abu ba ne ga Japanawa. Tun 1629 hukuma ta hana mata fitowa a wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki, maza suka gaji matsayinsu, abin ya zama sana'a mai daraja har yau. Duk da haka a farko an ɗauki visual kei a matsayin tawaye ga al'umma mai son kowa ya yi kama da kowa. Makarantu da yawa a Japan sun daɗe suna tilasta wa ɗalibai baƙin gashi. A 2017 wata ɗaliba a Osaka ta kai ƙara kotu saboda an matsa mata ta rina gashinta, a 2022 kuma makarantun gwamnatin birnin Tokyo suka soke irin waɗannan ƙa'idoji.

Daga baya siyasa ta rungumi abin da aka raina. Junichiro Koizumi, Firaministan Japan daga 2001 zuwa 2006, bai ɓoye ƙaunarsa ga X Japan ba, jam'iyyarsa ma ta yi amfani da waƙarsu a tallan neman ƙuri'a. A 2013 gwamnati ta kafa asusun Cool Japan don sayar da al'adun ƙasar a ƙetare. A 2005 ƙungiyar Dir En Grey ta cika zauren wasa a Berlin, a 2014 kuma X Japan ta yi wasa a Madison Square Garden da ke New York.

Wahalar son abin da ke nesa

Masoyin wannan kiɗa a wajen Japan yana fama da shingaye da dama. Waƙoƙin da Japananci ake rera su, sai ya dogara da fassarar da wasu masoya suka yi kyauta a intanet. Kasuwar kiɗan Japan ta daɗe tana dogaro da sayar da faifai, kamfanoni da yawa sun yi jinkirin sa kayansu a manhajojin sauraro. Ƙungiyoyin masoya, inda ake fara sayar da tikiti, sukan nemi adireshin cikin Japan. Ga kuma bambancin lokaci na awa 8: wasan da aka fara ƙarfe 6 na yamma a Tokyo, ƙarfe 10 na safe ne a Kano, daidai lokacin da manomin rani ke tsakiyar ban-ruwa.

Ɗan Najeriya yana da ƙarin nasa. Spotify bai iso ƙasar ba sai 2021. A 2022 bankuna da dama suka dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙetare, ba su fara dawo da shi ba sai 2025. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, zuwa kallon wasa a Tokyo ya fi ƙarfin mafi yawan matasa. Soyayya ce ta waya, kamar yadda ta iyayensu ta kasance ta majigi da kaset.

Kano ta saba da wannan soyayya

A shekarun 1950 'yan kasuwa Labanawa masu gidajen sinima suka fara shigo da fina-finan Indiya arewacin Najeriya. Babu fassara, babu wanda ke jin Indiyanci, amma jama'a suka haddace waƙoƙin. Labaran auren dole, da biyayya ga iyaye, da gwagwarmayar talaka da mai kuɗi sun yi daidai da abin da Bahaushe ya sani a gidansa. Fim ɗin Mother India na 1957 ya shafe shekaru da dama ana maimaita shi.

Shigowar sinima ta gamu da turjiya. Lokacin da gobara ta cinye gidan sinima na El Duniya a Kano a 1951, ta hallaka mutum 331, da yawa sun fassara abin a matsayin azabar Ubangiji. Amma masu kallo ba su daina zuwa ba. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya rubuta yadda masoya suka laƙaba wa jaruman sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuma aka kira shi Mace, saboda ya taɓa fitowa cikin shigar mata. Wato tun shekaru da dama da suka wuce 'yan kallon Kano sun ga namiji a rigar mace a allon majigi, suka yi dariya, suka ba shi suna, suka ci gaba da sonsa.

Karin waƙoƙin kuwa ya shige cikin al'ada gaba ɗaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna yadda makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka ɗora baitocin Hausa a kan karin Indiya, da yadda 'yan makarantun Islamiyya suka yi haka da waƙoƙin addini. Masu bandiri, ciki har da ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka mayar da karin waƙoƙin soyayya zuwa begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Masana'antar fim ta Hausa, da ta fara da Turmin Danya a 1990, ta gaji rawa da waƙar Indiya ta mayar da su tambarinta. A yau kamfanonin fassara irin su Algaita sun sa jaruman Indiya suna magana da Hausar Kano.

Inda ake ja da baya

Idan aka duba rikice-rikicen da aka yi, akasarinsu a kan jiki ne da sutura. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, a 2003 kuma dokar Hukumar Hisbah ta fito. A 2007 aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata 3 a kan faifan bidiyonsa mai suna Bahaushiya. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. A wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, yankin da madatsar Tiga take, bayan malamai sun yi ca a kansa. A 2021 Hisbah ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumin tallar tufafi, kafafen yaɗa labarai kuma sun sha ruwaito yadda jami'anta ke aske wa matasa gashi a bakin titi.

Game da shigar mata, Kano na da doka tun 2000, ta hana karuwanci da sauran ayyukan baɗala, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 1 ko tara ga namijin da ya kwaikwayi mata a sutura ko ɗabi'a. A 2022 ɗan Majalisar Wakilai Umar Muda Lawal ya gabatar da ƙudirin haramta wannan a faɗin ƙasa, da ɗaurin wata 6 ko tarar naira 500,000. Ƙudirin bai zama doka ba, amma akwai abin lura a cikinsa: ya keɓe wasan kwaikwayo da nishaɗin jama'a daga hukunci. Ko masu neman haramcin sun yarda cewa dandamali daban, titi daban.

Masu goyon bayan waɗannan matakai suna da hujjarsu. Hadisi ingantacce ya yi hani ga maza su yi kama da mata, da kuma aske wani sashe na kai a bar wani. Iyaye da yawa na ganin askin gayu alama ce ta shaye-shaye da daba, kuma suna son hukuma ta taya su tarbiyya. A ɗaya ɓangaren, lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan Adam na nuni da Kundin Tsarin Mulki na 1999: sashe na 34 ya kare mutuncin mutum, na 37 ya kare sirrinsa, na 39 ya ba shi 'yancin bayyana ra'ayi. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu daga cikin waɗannan don kare tarbiyyar jama'a, amma ta hanyar doka, kuma 'yancin mutunci ba ya cikin waɗanda aka ambata. Aski a bakin titi hukunci ne da aka zartar ba tuhuma, ba alƙali, ba damar ɗaukaka ƙara.

Ma'aunin abin da ake kira shigar maza shi ma yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Dattijon Bahaushe na sa kwalli ba wanda ya ɗaga ido. A Jamhuriyar Nijar samarin Woɗaaɓe na fente fuska a bikin Gerewol don burge 'yan mata. Rawanin ɗan Kura, da marinan wannan yanki suka shahara da shi, ya ƙetare Sahara ya zama ado ga mazan Abzinawa, har shuninsa na rina musu fata.

Tambayar da ta shafi mai ƙuri'a

Akwai kuma batun wanda hukuncin ke faɗa wa. Matashin da ke da mota da gida mai katanga zai iya tara gashin da yake so. Wanda reza ke samu shi ne mai tafiya a ƙasa, da direban adaidaita sahu, da ɗan ƙauye da ya shigo birni sayar da tumatir. Dokar da ba ta fayyace wane aski ne laifi ba tana barin hukunci a hannun jami'in da aka ci karo da shi a ranar.

Dokar 2000, da ta Hukumar Tace Fina-finai, da ta Hisbah, duk Majalisar Dokokin Jihar Kano ce ta zartar da su, kuma Dawakin Kudu da Kura da Bunkure na da wakilai a zaurenta. Matashin da ke son a tsaurara, da wanda ke son a sassauta, dukansu na da damar tambayar ɗan takara abubuwa uku kafin zaɓen 2027: wane sashe na doka ne ya ba jami'i ikon aske mutum, wa ke sa ido a kan jami'in, kuma ina wanda aka zalunta zai kai kukansa.