Harajin Ababen Hawa da Siyasar Kasafin Kuɗi a Kenya: Nazarin Rikicin Shekarar 2024

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin harajin ababen hawa da gwamnatin Kenya ta shigar cikin Ƙudurin Dokar Kuɗi na 2024, da irin adawar da ta tilasta janye shi. Maƙalar ta nuna cewa sigar harajin da hanyar karɓarsa su ne suka sa ya yi saurin jawo turjiya, kuma janye shi bai sauke nauyin daga kan masu ababen hawa ba, illa ya sauya masa mazauni.

Gabatarwa

A tsarin mulkin Kenya, kasafin kuɗi yakan zo tare da ƙudurin doka da ke fayyace harajin da za a karɓa domin aiwatar da shi. A watan Mayun 2024, gwamnatin Shugaba William Ruto ta gabatar wa Majalisar Dokoki irin wannan ƙuduri, da nufin samar da ƙarin shilin biliyan 346. Ƙasar tana fama da ɗimbin bashi a lokacin, kuma tun 2021 take cikin yarjejeniyar rance da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wadda ta ƙunshi sharaɗin ƙara kuɗin shiga na cikin gida. Ban da haka, dokar kuɗi ta 2023 ta riga ta ninka harajin VAT a kan man fetur daga kashi 8 zuwa kashi 16 cikin ɗari, ta kuma ɗora harajin gidaje na kashi 1.5 a kan albashi. Ke nan sabon ƙudurin ya tarar da jama'a cikin matsi.

Sigar Harajin

Ƙudurin ya tanadi cewa mai abin hawa zai riƙa biyan kashi 2.5 cikin ɗari na darajar abin hawansa, mafi ƙaranci shilin 5,000, mafi yawa shilin 100,000. Kamfanonin inshora ne aka ɗora wa alhakin karɓa a lokacin da mutum ya je yankan inshora ko sabunta ta. Dalilin hakan a fili yake: tun da doka ta wajabta wa kowace mota inshora kafin ta hau titi, da wuya a kauce wa biya, kuma hukumar tara haraji ba ta da buƙatar bin masu motoci ɗaya bayan ɗaya.

Hujjojin Masu Adawa

Hujja ta farko ta shafi adalci. Lissafi ya nuna cewa motar da ta kai shilin miliyan 4 ita ce ke cika iyakar shilin 100,000. Mai motar shilin miliyan 20 shi ma abin da zai biya ke nan, wato kashi 0.5 kacal na darajar motarsa, alhali mai motar shilin miliyan 1 zai biya cikakken kashi 2.5. Da haka harajin ya fi danne mai matsakaicin hali a kan attajiri.

Hujja ta biyu ta shafi doka. An saka harajin ne a ƙarƙashin dokar harajin kuɗin shiga, alhali mota kadara ce, mallakarta ba samun kuɗi ba ne. Masu adawa sun ƙara da cewa an riga an biya kuɗin kwastan a kan motar lokacin shigo da ita, ana kuma biyan haraji a kan kowace litar mai da take sha.

Hujja ta uku ta tattalin arziki ce. Kamfanonin inshora sun yi gargaɗin cewa jama'a za su guje wa cikakkiyar inshora su koma mafi araha, su kuwa masu motocin haya da ake kira matatu sun nuna cewa ƙarin zai ƙare ne a kan fasinja. Wannan ya sa har wanda bai mallaki ko keke ba ya ga cewa maganar ta shafe shi.

Daga Majalisa zuwa Titi

'Yan majalisa na ƙawancen adawa na Azimio, wanda Raila Odinga ke jagoranta a lokacin, sun yi watsi da ƙudurin, amma ba su da rinjayen hana shi wucewa. Ƙarfin turjiyar ya fito ne daga matasa, waɗanda suka shirya kansu ta kafofin TikTok da X ba tare da jagorancin wata jam'iyya ba. A ranar 18 ga Yuni, shugaban kwamitin kuɗi na majalisar, Kuria Kimani, ya sanar da janye harajin ababen hawa tare da harajin VAT na kashi 16 a kan burodi. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin a lokacin buƙatar masu zanga-zanga ta koma soke ƙudurin baki ɗaya. Ranar 25 ga Yuni majalisar ta amince da shi da ƙuri'a 195 a kan 106. Masu zanga-zanga suka kutsa harabar majalisar a Nairobi, aka cinna wa wani sashe wuta, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Kashegari Shugaba Ruto ya bayyana cewa ba zai sa wa ƙudurin hannu ba.

Inda Nauyin Ya Koma

Soke ƙudurin ya bar giɓi a kasafin. Shugaban ya sanar da rage kashe kuɗi da shilin biliyan 177, sauran kuma a cike shi da rance. A watan Yulin shekarar aka ƙara kuɗin gyaran hanyoyi da ake karɓa a kan man fetur da dizal daga shilin 18 zuwa shilin 25 a kowace lita. Wannan ƙari ya faɗa kan mutanen da aka janye wa harajin farko, amma bai tayar da ƙura irin ta baya ba, saboda yana ɓoye a cikin farashin mai, ana kuma biyansa kaɗan-kaɗan, saɓanin harajin da ake neman a biya dunƙule sau ɗaya a shekara.

A fagen siyasa ma an samu sauyi. Bayan rusa kusan dukkan majalisar ministoci ranar 11 ga Yuli, shugaban ya jawo jiga-jigan jam'iyyar adawa ta ODM cikin gwamnati, ciki har da John Mbadi wanda ya zama ministan kuɗi. Waɗanda suka soki ƙudurin jiya, su ne aka damƙa wa aikin cike giɓin da faɗuwarsa ta haifar.

Kammalawa

Abin da ya faru a Kenya ya tabbatar da cewa karɓuwar haraji ba ta rataya ga yawansa kaɗai ba. Tana da alaƙa da yadda ake ganinsa, da yadda aka raba nauyinsa, da kuma amincewar jama'a da yadda ake kashe abin da aka tara. Adawa ta yi nasarar kawar da harajin da kowa ke gani, amma muddin bashi da giɓin kasafi suna nan, gwamnati za ta nemi kuɗin ta wata ƙofa. Don haka mai nazarin siyasar haraji bai kamata ya tsaya a ranar da aka janye doka ba, sai ya bi sawun kuɗin ya ga aljihun da suka fito.