Sawun Ƙanjamau daga Kinshasa zuwa New York

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu kwafe littafi da hannu ya san wannan: idan mai kwafi ya tsallake harafi, wanda ya kwafa daga wurinsa zai gaji tsallaken, ya kuma ƙara nasa. Bayan shekaru, malami mai lura zai jera littattafan a kan tabarma ya ce, wannan daga wancan aka ɗauko shi. To, haka ƙwayar HIV take. Duk sa'ad da ta hayayyafa a jikin mutum sai ta kwafi rubutun halittarta, ita kuwa gwanar kuskure ce. Masana kan karanta waɗannan kurakurai a jinin mutanen ƙasashe daban-daban, su tayar da salsala. Da yake an san saurin taruwar kurakuran, salsalar kan nuna shekara, ba wuri kaɗai ba.

Tushen dangin da ya mamaye duniya yana kudu maso gabashin Kamaru, inda ƙwayar ta tsallako daga birin cimfanzi. Amma inda ta samu gindin zama shi ne Kinshasa, wajen 1920, lokacin ana kiran garin Leopoldville, gari mai tashar jirgin ruwa da ta jirgin ƙasa. Akwai wani jini da aka ɗiba a can a 1959, da wani ɗan yankin nama da aka adana a 1960. Da aka gwada su, sai aka tarar ƙwayoyin biyu sun riga sun yi nisa da juna, alamar cutar ta yi gomman shekaru tana yawo ba wanda ya sani.

Daga nan ta rarrabu. Reshen C ya gangara kudancin Afirka har Indiya. A Najeriya, waɗanda suka fi yawa su ne reshen G da wani ruwa-biyu na A da G, wanda samfurin da ake auna shi da shi daga Ibadan aka samo. Reshen B kuwa teku ya haye. Bayan Kwango, ƙasar da Kinshasa take, ta samu 'yanci a 1960, Turawan Beljiyam suka watse, aka ɗauko malamai da ma'aikata masu jin Faransanci daga Haiti. Salsala ta nuna reshen B ya isa Haiti wajen 1966, ya shiga New York wajen 1970, shekara goma sha ɗaya kafin likitocin Amurka su farga a 1981. Mutanen Haiti sun sha tsangwama kan wannan, kuma ni dai a ganina zalunci ne. Hanya ta bi ta gidansu, ba su suka gayyace ta ba.

Wanda ya fi shan ƙazafi shi ne Gaëtan Dugas, ɗan Kanada, ma'aikacin jirgin sama. A wani binciken farko an yi masa alama da harafin O, wato wanda ba mazaunin Kalifoniya ba ne. Wasu suka karanta harafin a matsayin sifili, daga nan ƙaramar magana ta zama babba: jaridu suka ce shi ya kawo ƙanjamau Amurka. A 2016, Michael Worobey na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa suka tono jinin da aka ajiye tun 1978 da 1979 a New York da San Francisco, suka haɗa da na Dugas ɗin. Ƙwayarsa ba ta ko kusa da saiwa. Reshe ce a tsakiyar rassa, bayan cutar ta daɗe da bazuwa. Shi kuwa ya rasu tun 1984.