Gadar Jirgin Ƙasa ta Makurdi

Kogin Binuwai yana ɗaya daga cikin manyan kogunan Afirka ta Yamma. Ya taso daga duwatsun Adamawa a ƙasar Kamaru, ya bi ta Garwa da Yola da Ibi, ya ratsa garin Makurdi, kana ya haɗu da Kogin Kwara a Lakwaja. Da rani ruwansa yakan janye har rairayi ya bayyana a tsakiya. Da damina kuwa sai ya cika ya batse.

A zamanin mulkin Turawa aka shimfiɗa hanyar dogo daga Fatakwal, ta isa Inugu a shekarar 1916. A can ake haƙar kwal, shi ne abincin jiragen ƙasa na wancan lokaci. Ana bukatarsa a Arewa, ana kuma so a kai kuzar Jos bakin teku. Saboda haka aka ci gaba da aiki, har hanyar ta sadu da ta Kaduna a 1927. Amma fa a Makurdi kogin nan ya raba ta biyu.

In jirgi ya iso bakin ruwa, sai a kwance taragai, a tura su kaɗan-kaɗan cikin wani babban jirgin fito, a haye da su. Wannan aiki yana cin lokaci ƙwarai. Matafiya su gaji da jira, kaya su makara. Da aka ga wahalar ta yi yawa, sai aka yanke shawarar gina gada.

An fara ginin a 1928. Babban aikin shi ne kafa ginshiƙai, gama rairayi ba ya riƙe nauyi, ruwa kuma yakan kwashe shi. Tilas magina su yi ta haƙa a ƙarƙashin kogi har su tarar da wuri mai ƙarfi, sa'an nan su zuba siminti da tsakuwa. Da ginshiƙai suka tsaya, aka ɗora musu manyan ƙarafa, aka ɗaure su da ƙusoshi. Ƙarfe yakan miƙe in ya ji zafin rana, ya tsuke in an yi sanyi. Don haka masu ginin gada sukan bar 'yar kafa a inda ƙarafa suka haɗu, kada su lanƙwashe.

Bayan shekara huɗu aka gama. Gwamna Donald Cameron ya buɗe ta a 1932. Tsawonta ya kai kamar rabin mil. Jirgi da motoci duk ta kanta suke bi a wancan zamani. In jirgi ya taho, sai a tsai da motoci har ya wuce. Daga baya aka gina wa motoci wata sabuwar gada, shi ya sa mutanen Makurdi suke kiran wannan tsohuwar gada.

Wanda ya hango ta, ƙarafan sama yake gani. Amma abin da ya riƙe ta duk daminun nan yana can ƙarƙashin ruwa, inda magina suka sha wuya tun da fari.

Tambayoyi
1. Daga ina Kogin Binuwai ya taso?
2. Yaya ake haye da taragai kafin a gina gada?
3. Don me ake barin kafa tsakanin ƙarafa?