Zane ya fito a hoton silima: ina ciwon yake?

Malaman gona da na asibiti sukan zo gari da injin silima, wanda wasu ke kira majigi. Akwai ma garuruwan da suka yi karo-karo suka sayi nasu. Da dare a kafa farin ƙyalle, a tada gurup, yara da manya su zauna kallo.

Wata rana sai a ga zane a cikin hoto. Zanen yana tsaye daga sama har ƙasa, kamar karan darni. Wani fari, wani baƙi, wani mai launi. Nan take sai a ce inji ya mutu, a hau mai kula da shi da faɗa. Sau da yawa gaggawa aka yi.

Tsofaffi sun san irin wannan zane tun zamanin silimar da. A wancan inji, ƙura ce ke karce fim lokacin da yake wucewa. Injin yanzu ba shi da fim. Hoto yana tasowa daga kwamfuta ko akwatin bidiyo, ya bi igiya, ya shiga inji. Ke nan ciwon yana iya zama a waje, yana iya zama a ciki.

Ga yadda ake ganewa, kuma ba a biyan ko dala. A cire igiyar hoto daga jikin inji, a bar shi a kunne. A taɓa madannin da aka rubuta MENU a kansa. Rubutu zai fito a ƙyalle. Wannan rubutu na inji ne, ba daga kwamfuta ya zo ba. In ya fito tas, babu zane, to inji lafiyarsa lau. Sai a koma kan igiya.

Igiya mai shuɗin kai, wadda ake kira VGA, tana da 'yan allurai har 15 a bakinta. In ɗaya ta lanƙwashe, launi ɗaya yakan ɓace: ja, ko tsanwa, ko shuɗi. Sai a ga fuskar mutum kamar an turara ta. A duba alluran da rana, a sake soka igiyar da kyau, a ɗaure sukurorinta biyu. In zanen siriri ne yana rawa, a taɓa madannin AUTO, sau da yawa yakan tafi. In bai tafi ba, a aro wata igiya a gwada. Igiya ba ta da tsada.

Amma in zanen ya hau har kan rubutun MENU, to ciwon yana ciki.

Injin iri biyu aka fi gani. Mai LCD yana da 'yan gilasai 3, kowane launi da nasa. Mai DLP yana da wani ɗan allo da bai fi farcen babban yatsa ba. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya ƙirƙiro shi a 1987. A kansa akwai madubai ƙanana dubu ɗaruruwa, jere layi-layi, kowane madubi da ɗigonsa a cikin hoto. In kuran bai kai ga layi ɗaya ba, layin nan duka sai ya tsaya. Shi ne zanen da ake gani. In madubi ɗaya ne ya maƙale, sai a ga ɗigo fari ko baƙi wanda ba ya motsi. Irin waɗannan ɗigo ƙaruwa suke yi, ba sa raguwa.

Mene ne ke kawo haka? Zafi ne babba, ƙura kuwa ita ke taimaka masa. Ƙwan fitilar inji yana da zafi ƙwarai, fanka ce ke sanyaya shi. Ƙurar hunturu takan toshe soson da ke tace iska, sai inji ya dafu a ciki. Masu ƙera shi yawanci sun ce kada zafin wuri ya wuce awo 35 ko 40. A bazara kuwa, Tahoua da Zinder sukan wuce haka da rana. Shi ya sa ba a ajiye shi a ɗakin kwano, ba a kuma aza shi kan tabarma ko bargo. A riƙa kakkaɓe soson nan. In an gama kallo, a kashe inji da madanninsa, a jira fanka ta yi shiru, sannan a kashe gurup. Mai barin esansi ya ƙare ana tsakiyar kallo, yana rage wa fitila kwana.

Wasu sukan buga inji da tafin hannu, wai hoto ya dawo. Yakan dawo kwana biyu, sannan ya lalace fiye da da. Buɗe shi ma ba aikin kowa ba ne. Fitilar tana iya fashewa in da zafi, kuma akwai zaiba a cikinta, zaiba kuwa guba ce.

Kafin a biya kuɗin mota zuwa Maradi ko Niamey, a rubuta sunan inji da lambarsa, suna nan a ƙarƙashinsa. A ɗauki hoton zanen da salula, a aika wa mai gyara, ya faɗi kuɗinsa tukuna. Wani lokaci sake ɗaure mahaɗi kawai zai yi. In kuwa allon madubai za a canza, sai 'yan kwamiti su gwada kuɗin gyara da kuɗin sabon inji kafin su buɗe asusu.